Tanderun farar ƙasa a tsakiyar kurmi: gonakin da daji ya cinye a arewa maso gabashin Amurka

Malam Habibu:
Assalamu alaikum jama'a. Ga batu ga masana ƙasar noma da maginan da ke cikinmu. A dazuzzukan arewa maso gabashin Amurka, daga jihohin Fensilbaniya da Niyu Jasi har Masacuset da Bamont, akan tarar da wani ginin dutse a manne da jikin tudu. Fuskarsa bango ne mai tsayin mita 3 zuwa 5, a gindinsa akwai ƙaramar ƙofa mai baka, a samansa kuma rami ne zagayayye da ruɓaɓɓen ganye ya cike, wani ma bishiya ce ta fito ta tsakiyarsa. Tanderun ƙona dutsen farar ƙasa ne, kuma da yawansu manoma ne suka gina don gonakinsu a ƙarni na 18 da na 19.

Ba wanda zai gina tanderun gona a inda babu gona, don haka kurmin da ya rufe su ba na asali ba ne, saura ce da ta girma. Tsakanin 1830 da 1880 an share kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari na ƙasar wurare da dama a yankin Niyu Ingila, wato jihohin ƙuryar arewa maso gabas irin su Masacuset da Bamont, don noma da kiwo. Yau kusan kashi uku cikin huɗu na jihar Bamont daji ne. Ina so mu duba yadda ake aiki da tanderun nan, da dalilin da ya sa aka watsar da su.

Injiniya Sabo:
Wa alaikumus salam Malam. Bari in fara da abin da ke faruwa a cikin wutar. Dutsen farar ƙasa kalsiyam ne haɗe da kabon da oksijin. Idan zafi ya kai wajen digiri 900 a ma'aunin Salshiyas, iskar kabon dayoksaid takan fice daga jikinsa. Kilo 100 na dutse mai tsafta yakan koma kilo 56. Siffarsa ba ta canzawa sosai, amma in ka ɗaga za ka ji ya yi sakayau. Shi ne ƙonannen dutse. In aka zuba masa ruwa, kilo 56 ɗin nan zai sha kilo 18, ya yi zafi har ruwan ya tafasa, ya kumbura, ya farfashe ya zama gari kilo 74.

Garin nan ake nema. A wancan zamanin babu injin da zai niƙa dutse ya zama gari a kan kuɗin da manomi zai iya biya. Wuta ce injin niƙansu. Wanda ya gane wannan ya gane dalilin gina tanderun, ya kuma gane dalilin mutuwarsu.

Baba Maigini:
Haka ne Injiniya. Ginin kuma akwai dalili a kowane sashe nasa. Ana haƙa shi a jikin tudu don abubuwa uku: ƙasar da ta rungume shi ta baya da gefuna tana riƙe zafi, tana tokare bangon kada ya buɗe, kuma amalanke na iya hawa ta sama ya juye dutse a baki, a kwashe ƙonanne ta ƙasa. Ba a ɗaga kaya sama ko sau ɗaya. Cikinsa matsattse ne a gindi, ya buɗe a tsakiya zuwa mita 2 da rabi ko 3, ya ɗan tsuke a baki. Ba a shimfiɗe cikin da dutsen farar ƙasa, don shi ma zai ƙone ya zube. Ana neman dutsen da ke jure wuta, irin dutsen yashi, daga baya kuma bulon wuta.

Lodi shi ne gwanintar. Mai lodi yana fara jera manyan duwatsu a gindi, ya ɗaura su baka ba tare da kwaɓi ba, ya bar kogon wuta a ƙarƙashi. Wannan bakar ce za ta ɗauki nauyin duk abin da ke sama. Sai a bi da matsakaita, masu kaurin santimita 15 zuwa 20, manya a tsakiya inda wuta ta fi ƙarfi, ƙanana a gefe da sama. Dole a bar ƙofofin iska a tsakaninsu. Wanda ya zuba tsakuwa da ɓarɓashi ya toshe hanyar wuta, sai ta bi gefe ɗaya ta bar ɗayan ɗanye.

Ranar farko wuta kaɗan-kaɗan ake yi. Dutsen da aka fasa daga mahaƙa akwai danshi a jikinsa, in aka haɗa shi da babbar wuta nan take sai ya fashe, baka ta rushe, lodi duka ya zauna a kan wutar ya kashe ta. Daga nan sai a kwashe komai a sake. Bayan farin tururi ya daina fita ne ake ƙara itace, a riƙe wutar kamar kwana uku dare da rana, mutane na karɓeɓeniya. Alamar nuna: duwatsun sama sun yi ja mai haske da daddare, lodin ya ɗan sauka, kuma sandar ƙarfe tana shiga cikinsa ba tare da ta yi karo da tauri ba. Sai a toshe ƙofar a bar shi ya huce kwana biyu ko fiye.

Lantana:
Baba, wannan na itace ne. Na kwal fa, ba wani tsari ne daban ba?

Baba Maigini:
Daban ne 'yata. Shi ba a ɗaura baka. Ana sa ƙarafa a gindi, a kunna wuta a kai, sai a riƙa zuba kwal da dutse hawa-hawa, kwal kashi ɗaya, dutse kashi uku zuwa biyar gwargwadon kyan kwal ɗin. Wutar na zaune a tsakiya. Kullum a ja ƙonanne ta ƙasa, a ƙara sabo ta sama, sai ya yi makonni bai mutu ba. Ya fi tattalin makamashi domin dutsen sama yana ɗumama da hucin da ke fita, iskar da ke shiga kuma tana ɗumama da zafin na ƙasa. Aibinsa toka na gauraya da farar ƙasar. Ga gona ba komai, ga mai yaɓen ɗaki kuwa matsala ce. A gabashin Fensilbaniya, da kwal mai tauri ya fara isowa ta hanyoyin ruwa daga wajen 1820 zuwa gaba, manoma da dama sun koma gare shi.

Injiniya Sabo:
Ga lissafi don a ga girman aikin. Ɗauki tanderun da ke cin dutse mita kubik 15, wato cikin akwati 15 masu mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi. Fasasshen dutse yakan yi kimanin tan ɗaya da rabi a kowace mita kubik, wato kimanin tan 22 ke nan. Cire abin da bai nuna ba da dattin dutse, za a samu tan 10 zuwa 12. Makamashin da ake bukata a ƙa'ida don samar da tan ɗaya ya kai gigajul 3.2 (gigajul ma'aunin makamashi ne), busasshen itace tan ɗaya kuwa yana ba da kimanin 15. Sai dai tanderun itace mai buɗaɗɗen baki yana zubar da mafi yawan zafinsa sama. In ya amfana da kashi 20 cikin ɗari, tan ɗaya na itace ke nan ga kowane tan na farar ƙasa. In kashi 10 ne, tan biyu. Ƙonawa ɗaya tana iya lashe itace tan 10 zuwa 20 da ɗoriya. Ashe tanderun da daji ya rufe yau yana cikin waɗanda suka cinye dajin farko.

Kurakurai biyu ne suka fi yawa. Ɗaya, rashin nuna: bayan dutsen ya ƙone amma zuciyarsa ɗanya, in aka jiƙa sai a tarar da dunƙule a tsakiya. Biyu, wuce wuri: in zafi ya haura wajen digiri 1,200 ya daɗe, ƙofofin jikin dutsen sukan liƙe, ya yi tauri, ya ƙi shan ruwa. Duka biyun ana zubar da su a gaban ƙofa, shi ya sa kusan kowane tsohon tanderu akwai ɗan tudun fararen dunƙulaye a gabansa ƙarƙashin ganye.

Dakta Rabi:
Madalla. Ni ta ɓangaren gonar zan shigo. Yankin akwai ruwan sama mai yawa, yana wanke kalsiyam daga ƙasa, ita kuma ƙasar dajin da ma mai tsami ce. Shekarun farko bayan sharar daji tokar itacen da aka ƙona takan rufa asiri. In ta ƙare sai tsami ya dawo. Idan ma'aunin tsamin ƙasa, wato pH, wanda lambarsa ke raguwa in tsami ya ƙaru, ya sauka ƙasa da 5.5, sinadarin alminiyam yakan narke ya ƙona bakin saiwa, ta gajarce ta yi kauri, fosfaras kuma ya ɗaure, shuka ba ta iya ɗaukarsa. Wadda ta fi jin jiki ita ce kuloba, ciyawa dangin wake da suke shukawa don dabbobi da kuma ƙara wa ƙasa naitirojin. Tana son pH daga 6 zuwa sama. Ba farar ƙasa ba kuloba, ba kuloba ba isasshiyar harawar hunturu, ba harawa ba shanu, ba shanu ba taki. Sarƙar ke nan, kuma tanderu ne zoben farko.

Yadda suke zubawa: a ɗauko ƙonannen dutse a amalanke, a jera shi tsibi-tsibi a gona tazarar 'yan mitoci, a rufe kowane tsibi da ƙasa. Danshi zai kwantar da shi a hankali cikin mako ɗaya zuwa biyu ya zama gari. Sai a watsa da shebur ranar da ba iska, a bi da haro. Tan 4 zuwa 5 a hekta ba baƙon abu ba ne, a ƙasa mai laka ma sukan wuce haka. Da lissafin Injiniya, ƙonawa ɗaya ta ishi hekta 2 zuwa 3 kawai, shi ya sa ake bin gonar sashe-sashe, shekara-shekara.

Abin da ke ɓacewa: in ruwan sama mai yawa ya sauka a kan tsibin da ba a rufe ba, sai ya zama kunu ya daskare, ba ya watsuwa. In aka haɗa shi kai tsaye da takin dabbobi, naitirojin ya tashi a matsayin amoniya, har hanci na ji. In kuma ruwa ya tarar da amalanken katako a hanya da kaya a ciki, zafin na iya kunna masa wuta.

Ɗanjuma:
Dakta, a gafarce ni, ni a ganina amsar Malam Habibu tana cikin bayaninki. Manoman Turai suna da tsohuwar magana cewa farar ƙasa tana azurta uba ta talauta ɗa. Sun yi ta zuba ta, ƙasa ta ba da duk abin da ke cikinta, ta mutu, suka tashi. Tanderun ne ya kashe gonar da aka gina shi dominta.

Dakta Rabi:
Maganar tana da tushe Malam Ɗanjuma, amma ba ta ɗauki nauyin da ka ɗora mata ba. Gaskiya ne farar ƙasa ba taki ba ce. In tsami ya ragu, ƙananan halittun ƙasa sukan farka su ruɓar da ganye da saiwoyin da suka taru, naitirojin da fosfaras su fito, amfani ya yi kyau shekara biyu ko uku. Wanda ya kwashe amfanin bai mayar da taki ba, ajiyarsa ya ci. Wannan ya faru a gonaki da yawa.

Amma duba gundumar Lancaster a Fensilbaniya. Manoma 'yan asalin Jamus a can suna cikin waɗanda suka fi kowa zuba farar ƙasa, tanderu ko'ina, kuma har gobe tana cikin ƙasashen noma mafi albarka a gabashin Amurka. Sun haɗa ta da kuloba da takin shanu da juya shuka. Da farar ƙasa ce ke kashe gona, da can ne daji zai fara rufewa. Gonakin da aka bari na kan duwatsu ne, masu gangare, nesa da kasuwa.

Malam Habibu:
Ina bayan Dakta a nan. Kasuwa ce ta tashi mutanen. A 1825 aka buɗe hanyar ruwa ta Erie da aka haƙa ta haɗa manyan tafkuna da kogin Hudson, jirgin ƙasa ya biyo baya. Alkama daga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa marar dutse ta yamma ta riƙa isowa Niyok da arahar da manomin tudu ba zai iya ba. Bamont ta rataya a kan tumakin merino masu ulu da wani mai suna William Jarvis ya shigo da su wajen 1810, a 1840 tumakin jihar sun haura miliyan ɗaya da rabi, sai farashin ulu ya faɗi. Masaƙun garuruwa irin Lowell suka janye 'yan mata da samari. Yaƙin basasar 1861 zuwa 1865 ya ɗebe wasu, waɗanda suka dawo da yawa suka wuce yamma.

Shi kansa tanderun ya mutu ko a inda noma bai mutu ba. Jirgin ƙasa ya kawo farar ƙasar manyan kamfanoni, takin kanti ya shigo, siminti ya ture ta a gini, sannan a farkon ƙarni na 20 injinan niƙa suka sa niƙaƙƙen ɗanyen dutse ya yi araha. Ba ya ƙuna, ba ya cin itace, ana iya ajiye shi. Daga 1936 ma gwamnatin Amurka ta riƙa tallafa wa manoma su saye shi.

Hajiya Asabe:
Malam Habibu, ina da ja a kan maganarka ta farko, cewa tanderu shaidar gona ce. Ba kowanne ba. Farar ƙasa ta gini ce, ta yaɓe ce, ta shafen bango ce, majema ma suna cire gashin fata da ita. Garin Rockland a jihar Maine ya yi suna da ƙona ta yana aikawa Bostan da Niyok ta jiragen ruwa, wannan sana'ar kamfani ce. A Sheffield ta Masacuset akwai dogon tanderun kankare da aka gina a 1909, ya yi aiki 'yan shekaru aka rufe, shi ma na kasuwanci ne.

Kuma ba ko'ina ake samunsu ba. Yawancin tuddan Niyu Ingila ba su da dutsen farar ƙasa. Tanderun suna bin jijiyar dutsen ne: yammacin Masacuset, yammacin Bamont da wasu aljihuna irin garin Plymouth, sai kwarurrukan Niyu Jasi da Fensilbaniya. Akwai dubban kufan gonaki da ba su taɓa ganin tanderu ba. Victor Rolando, wanda ya bi jihar Bamont yana rubuta kufan tanderun farar ƙasa da na gawayi da na ƙarfe, ya fitar da aikinsa a 1992, kuma ya rarrabe na gona da na kasuwa.

Malam Habibu:
Na karɓi gyaran Hajiya. To yaya mutum zai bambance su a fili?

Hajiya Asabe:
Na gona guda ɗaya ne tilo, ƙarami, an gina shi da dutsen wurin, sau da yawa ba kwaɓi, ga 'yar mahaƙa kusa da shi da ba ta wuce ramin da mutum biyu za su fasa da guduma da albarushi ba, ga tsohuwar hanyar amalanke ta hau bakinsa. Na kasuwa jere suke biyu ko uku ko fiye, da bulon wuta, da ɗaurin ƙarfe, da babbar mahaƙa, da alamar layin dogo ko mashigar jirgin ruwa.

Akwai kuma abubuwan da ake rikita su da shi. Tanderun narka ƙarfe ya fi girma, yana bakin rafi domin ruwa ke juya zugazugansa, kuma kewayensa cike yake da kashin maƙera mai ƙyalli. Matoyar gawayi ba gini, fili ne zagayayye da aka daidaita a gangare, kimanin mita 10, in ka tona ƙasar baƙa ƙirin. Rumbun ƙasa na ajiyar dankali yana da rufi, ba shi da buɗaɗɗen baki a sama, duwatsunsa ba su ga wuta ba. Na farar ƙasa kuwa duwatsun cikinsa sun yi ja, wasu sun narke sun yi santsi kore-kore, domin tokar itace tana sa fuskar dutsen yashi ta narke ta zama gilashi. Ɗauki dunƙule ɗaya daga tudun gaban ƙofa ka ɗiga masa ruwan kal, zai yi kumfa. In dutsen mai magniziyam ne sai an kankare shi ya zama gari kafin kumfar ta fito.

Lantana:
Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne dajin kansa yana ba da shaida ko ba tanderu. Gonar da aka bari fayin fari, wata bishiya mai ganye kamar allura, ne ke fara mamaye ta, domin 'ya'yansa na tafiya da iska kuma yana son rana. A ƙarƙashinsa itatuwa masu faɗin ganye ke tasowa. An sare fayin ɗin da yawa a farkon ƙarni na 20, guguwar 21 ga Satumba 1938 ta kwantar da mai yawa daga abin da ya rage, masu faɗin ganye suka karɓi wurin. A dajin bincike na jami'ar Harvard da ke Petersham akwai ƙananan siffofi da aka ƙera masu nuna tudu ɗaya a waɗannan matakai.

Alamomin ƙasa: inda garma ta bi, saman ƙasa santimita 15 zuwa 20 launi ɗaya ne, da iyaka miƙaƙƙiya a ƙarƙashi, kuma fuskar ƙasar sumul take, babu ramuka da tuddan da faɗuwar tsofaffin bishiyoyi ke bari. Katangar dutse mai ƙananan duwatsu a ciki tana nuna an yi huɗa, domin duk hunturu sanyi na tura duwatsu sama a tsince su. Mai manya zalla makiyaya ce. Bishiya mai rassa baje tun daga ƙasa a tsakiyar sirara miƙaƙƙu, ita kaɗai ta girma a fili. Yanzu ma ana haska lesa daga jirgin sama ta ratsa ganye ta zana fuskar ƙasa. Katharine Johnson da William Ouimet sun yi amfani da wannan a kudancin Niyu Ingila a aikinsu na 2014, katangu da harsashin gidaje da tsofaffin hanyoyi suka fito sarai.

Dakta Rabi:
Ƙari a kan na Lantana: kewayen tanderun ciyayinsa daban ne. Ɓarɓashin da ya zube yana ci gaba da sakin kalsiyam, sai a ga tsirran da ke ƙin tsami sun taru a ɗan wuri, dodon koɗi ya yawaita tunda da kalsiyam yake gina ƙoƙonsa, ganye kuma yana saurin ruɓewa. A cikin gonar kanta tasirin yana raguwa da shekaru saboda ruwa na wankewa, amma a bakin tanderu ajiyar tana da yawa. A dajin Tronçais na Faransa masu bincike sun tarar ƙasar da ke kewaye da kufan Rumawa har yanzu ta fi ta nesa fosfaras da ƙarancin tsami, bayan shekaru kusan dubu biyu.

Dajin da ya dawo ma yana da yunwar kalsiyam. A dajin gwaji na Hubbard Brook da ke jihar Niyu Hamsha aka gano ruwan sama mai tsami a 1963, kuma ya daɗe yana wanke kalsiyam daga ƙasar yankin. A 1999 aka watsa dutse mai kalsiyam da jirgi mai saukar ungulu a kan wani kwari na gwaji, bishiyoyin mapul da ake tatsar ruwan zaƙinsu suka farfaɗo, 'ya'yansu suka fi rayuwa.

Ɗanjuma:
To tunda daji ya dawo, ni ina ganin a bar su su koma ƙasa. Sare bishiya mai rai don ceton bangon da ba ya aiki bai kwanta mini ba.

Baba Maigini:
Ɗana, ba dajin za a sare ba, bishiya biyu ko uku ce da ke kan ginin. Ga yadda yake mutuwa. Ganye ya cika cikinsa ya riƙe ruwa. Da hunturu ruwan ya daskare ya kumbura, ya tura bangon gaba kaɗan. Kowace shekara haka, har fuskar ta yi ciki. Saiwa ta bi tsagar ta yi kauri. Ranar da iska ta kayar da bishiyar, saiwar ta tafi da rabin bangon. In dutsen kan baka ya zame kuwa an gama.

Gyaran ba tsada. A fara da awo da hoto ta kowane gefe, da sandar awo a ciki. A yanke bishiyar da ke kai daidai gindi, a sauke ta gunduwa-gunduwa, kada a tumɓuke kututturen, a bar shi ya ruɓe a wurin, in ya bar rami a cike da dutse. A tokare bakar da katako kafin a taɓa komai a samanta. A karkatar da ruwan tudu da 'yar lambatu ta baya. In za a cike tsaga, da kwaɓin farar ƙasa da yashi, kashi ɗaya da uku. Kada a sa siminti: ya fi dutsen tauri, ba ya barin danshi ya fita, sai sanyi ya ɓare fuskar dutsen. Kada kuma a yashe cikin gaba ɗaya ba tare da masani ba, domin wani lokaci ƙasar da ta cika shi ce ke riƙe da shi, wani kuma lodin ƙarshe na nan a ciki ba a kwashe ba. Bakin saman a kewaye shi, rami ne mai zurfin mita 4 da ganye ya ɓoye.

Malam Habibu:
Akwai ma inda ba kasuwa ce ta tashi manoman ba. A kwarin kogin Delaware tsakanin Niyu Jasi da Fensilbaniya gwamnati ta amince da gina dam na Tocks Island a 1962, ta sayi gonaki ta tashi mutane. Ba a gina dam ɗin ba, ƙasar ta zama wurin shaƙatawa na ƙasa, gonaki da yawa suka koma daji, tanderunsu na nan a gefen tsohuwar hanya. Jikokin masu su suna raye. A irin wannan wurin ni ba zan yarda a ce a bar shi ya rushe ba.

Ɗanjuma:
Wannan hujjar na ji ta. Tambayata ta ƙarshe ga Dakta: mu da muke da dutsen a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gwambe da Malbaza ta Nijar, akwai amfanin manominmu ya ƙona shi don gona?

Dakta Rabi:
Ƙonawa a'a. Ka ga lissafin itacen da Injiniya ya kawo, ba mu da dajin da zai ɗauki wannan, kuma injin niƙa ya wadatar. In an auna ƙarfin kashe tsami, niƙaƙƙen dutse mai tsafta 100 ne, kwantaccen gari kimanin 135, ƙonanne 179. Bambancin bai kai a ƙona itace dominsa ba, sai a ɗan ƙara yawan niƙaƙƙen, a tabbatar ya yi laushi, domin tsakuwa takan yi shekaru ba ta narke ba.

Tsamin kuwa muna da shi a wurare, kuma takin zamani mai amoniya yana ƙara shi. Filayen gwaji na dogon zango da aka fara a Samaru ta Zariya a 1950 sun nuna haka: inda aka daɗe ana zuba irin wannan takin shi kaɗai pH ya sauka, inda aka haɗa da kashin shanu bai sauka haka ba. Sai dai ƙasarmu ta jigawa yashi ce, ba ta da laka da ruɓaɓɓen ganyen da za su shanye farar ƙasa mai yawa. Tan 4 ko 5 na manoman Fensilbaniya zai wuce da ita, masara ta fito da fararen zane a ganye saboda zinki ya ɗaure. A fara auna ƙasar. In pH ya haura 5.5, masara da dawa da gero ba sa bukata. In ya gaza, rabin tan zuwa tan ɗaya a hekta ya isa farawa a ƙasa mai yashi, a watsa makonni kafin shuka a juya shi cikin huɗa, kada a zuba shi rana ɗaya da yuriya, sannan a sake aunawa bayan damina biyu kafin a ƙara.